Aba ko Kano: Ina Mai Sarin Takalma Zai Kai Jarinsa?

Duk wanda ya buɗe shagon takalma a Arewa, ko a Gusau yake ko Azare ko can Maraɗi, ba ya daɗewa tambayar nan take iske shi: ya ci gaba da saro kaya a Kano, ko ya ɗaure ya gangara Aba? Masu ba shi shawara kuwa kowa da inda ya karkata. Wani zai ce kayan Aba ba su da ƙarko, kwalliya ce kawai. Wani ya ce aikin dukawan Kano ba ya fita tsaf, ga saɓa alkawari. Akwai ƙamshin gaskiya a kowace maganar, amma ba a yanke shawarar jari da kuɗin goro irin wannan. Garuruwan biyu ba abu ɗaya suka ƙware a kai ba. Kano garin fata ne, Aba garin haɗa takalmi ne, kuma wanda zai zura takalmin a ƙafarsa shi ya kamata ya zaɓa maka motar da za ka hau.

Ni dai ga inda na tsaya tun kafin mu yi nisa. In yawancin masu shigowa shagonka magidanta ne masu kaftani da babbar riga, kada ka wahalar da kanka, Kano ta ishe ka. In kuwa cinikinka na 'yan makaranta ne da ma'aikatan ofis da masu kayan sarki da 'yan mata, ko kana neman kwangilar ƙafa ɗari biyar iri ɗaya, to Aba ce wurinka, kuma muddin ba ka san hanyarta ba, wani ne a tsakani yake cin rabin ribarka.

Abin da Aba ta iya

Aba tana jihar Abiya. Umuahiya ce hedikwatar jihar, amma kuɗi da hayaniya suna Aba, kimanin kilomita 60 daga Fatakwal. Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Fatakwal zuwa Inugu don kwasar kwal ya ratsa ta, shi ya mai da ita matattarar manja da ƙwarar kwakwa tun farkon ƙarnin da ya wuce. Masu tarihi sun san ta da boren mata na 1929, masu ƙwallo kuma da kulob ɗin Enyimba da ya ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Ɗan kasuwa kuwa Ariyariya ya sani, babbar kasuwar da aka kafa a 1976 bayan gobara ta cinye tsohuwar kasuwar Ekeoha. A cikinta da kewayenta masu takalma suke da layukansu, irin su Powerline da Shoe Plaza da Bakassi, dubban mutane a ƙananan shaguna da ke manne da juna.

Abin da ya kamata baƙo ya lura da shi a can shi ne yadda aka rarraba aikin. Ba mutum ɗaya ke yin takalmi daga farko har ƙarshe ba. Mai shagon da ka ba aiki zai zana samfurin a kwali, yaronsa ya yanka. Wani yaron ya kwashi yankakkun ya ruga layin masu keken ɗinki, su ba su da aiki sai ɗinke saman takalmi, na kowa da kowa. Daga nan a dawo da shi a ja shi a kan las, wato katakon ko robar da ke da siffar ƙafa, a buga ƙananan ƙusoshi ya zauna. A shafa gam a ƙasansa da kan sol, wato tafin takalmin, a bari ya sha iska, a ɗan gasa shi a kan risho ko injin zafi, a manna, a kai wurin mai injin matsewa. Mai goge gefe daban, mai buga tambari daban, mai fesa ƙyalli daban, mai sayar da kwali yana ƙarshen layi. Sol, gam, zare, ƙarfen ɗauri, duk taku kaɗan ne tsakaninka da mai sayar da su. Shi ya sa shagon da bai fi ɗakin kwana ba yake iya karɓar aikin da in a wani gari ne sai masana'anta.

Wannan tsari ne ya ba Aba saurinta. Ka nuna hoton takalmi a waya, cikin 'yan kwanaki an fitar maka da samfuri, in ka ce ya yi, a cika maka buhuna. Ga kuma tsarin koyon sana'a na Ibo, inda yaro ke zama shekaru a hannun ubangidansa, in lokacin yaye ya yi a ba shi abin kama nasa shagon. Saboda haka hannu ba ya ƙaranci, kuma gasa tsakaninsu ba ta bari farashi ya tashi yadda suka ga dama. Fatake daga Kamaru da Gabon da Togo da Gana suna zuwa lodi, kuma rufaffen takalmi, takalmin makaranta, but na masu tsaro, bel da jakar mata, nan ne gidansu a Najeriya. Har rundunar soja ta taɓa ba masu sana'ar garin aikin but. A zamanin Gwamna Okezie Ikpeazu, daga 2015 zuwa 2023, an yi ta tallar kayan Aba, aka tura matasa Chana koyon aiki da injuna, aka kuma kafa masana'antar Enyimba Automated Shoe Company. A watan Fabrairun 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya buɗe tashar lantarkin Geometric Power ta Farfesa Bart Nnaji a Osisiyoma, wadda aka gina don Aba da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita. Ga mai injin matse sol wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuɗin man janareto a kan takalmin yake hawa.

To ina matsalar? Tana wurin kayan haɗi. Kaso mai yawa na takalman Aba ba fata ba ce, leda ce mai kama da fata da ake shigo da ita daga Chana a naɗe kamar yadi. Tana da sauƙin yanka, ba ta da tabo, launinta ɗaya ne daga farkon naɗi har ƙarshe, ga araha. Amma ba ta numfashi, kuma in ta sha rana sai ta fara ɓarewa. Wannan ba ya nufin ba su iya aikin fata ba. Sun iya sarai, kuma wani ɓangare na fatar da suke aiki da ita daga Kano take zuwa. Abin da ke faruwa shi ne Aba daidai kuɗinka take yi maka. Samfuri ɗaya ana iya fitar da shi hawa uku: na leda da sol mara nauyi da gam mai araha, na tsakiya, da na fata zalla mai ɗinki a gindi. A ido duk ɗaya suke. Yawancin sunan banzan da "ɗan Aba" ya yi a kasuwannin Arewa, masu sari ne suka jawo shi, su da suke zuwa su matsa wa mai aiki sai ya sauko ƙasa da abin da kayan kirki za su ci. Shi ba zai ce maka a'a ba. Zai karɓa, ya rage a inda ba ka gani, wato gam da shimfiɗar ciki. Araha dai ba ta ado.

Abin da Kano take da shi

Kano ba ta bukatar gabatarwa a wurin mai karanta wannan, amma yana da kyau a tuna dalilin da ya sa fatarta ta yi suna. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, fatarta tana cikin waɗanda duniya ta fi so, saboda laushi da ƙarfi da kyan ido. Ɗaruruwan shekaru ayari yana ketare Sahara da ita, Turawa suna saye a Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana fitar da takalman garin zuwa ƙasashe masu nisa. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma har yau unguwanni suna ɗauke da sunan sana'ar, Dukawa da Majema.

Jima iri biyu ce a garin, kuma dole mai sari ya bambance su. Akwai ta gargajiya, inda majemi ke jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, ya kankare, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, ya shafa mai, ya rina ta ja da karan dafi. Irin wannan fatar tana da ƙamshinta da kowa ya sani, tana shan gumi, tana bin siffar ƙafa, amma ba ta son ruwa, kuma in ba a gama ta da kyau ba rinin yakan sauka a ƙafa. Akwai kuma ta masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda ake jima da sinadari a manyan ganguna masu juyawa. Ita ce mai santsi, mai launi daidai, mai jure ruwa. Sai dai mafi kyawunta ba a Kano take kwana ba, ana loda ta zuwa Italiya da Sifaniya da Chana, domin masu biya da dala ke fara zaɓa. Abin da ke isa hannun baduku a Ƙofar Wambai sau da yawa hawa na biyu ne ko na uku, ko ragowar yanka. Ko da haka, fata ce ta gaske, kuma ga ta a ƙofar gida ba tare da kuɗin dako ba.

Akwai wani giɓi da ba kowa ke lura da shi ba. Fatar akuya da ta tunkiya muke da ita da yawa. Ƙirgin saniya, wanda shi ne ya dace da but da takalmin makaranta mai shan wahala, yawancinsa tukunya yake shiga a matsayin ganda. Shi ya sa Kano ta fi ƙarfi a takalmi mai laushi, buɗaɗɗe, da mai rufin gaba da buɗaɗɗiyar dunduniya, irin wanda ake sawa da shadda ranar Juma'a. A wannan fannin ban ga abin da zai kai mutum Aba ba. Baduku ya san yanayin da Alhaji yake so ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san launin da ke tafiya da farar shadda da wanda ke tafiya da ruwan ƙasa, ya san wanda dattijo zai ji kunyar sawa.

Raunin Kano kuwa a tsari yake, kuma ina faɗar haka ne da takaici, domin hannun yana nan. A shaguna da yawa mutum ɗaya da yaransa biyu ko uku su ke yin komai, daga yanka har gogewa. Ka ba da aikin dozin biyu, ya fito da kyau. Ka ba da dozin arba'in, sai ka ga lamba 42 ta wannan mako ba ta yi daidai da 42 ta makon jiya ba, domin las ɗin ba saiti ɗaya ba ne, ko an yanka da ido. Gefen sol wani lokaci ba ya gogewa sumul, gam yakan leƙo, tambari ya karkace. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su mai saye ke fara gani. Akwai matasa a yanzu da suka sayi injuna, suke tallar aikinsu a Instagram da WhatsApp, kuma aikinsu ba ya jin kunyar zama kusa da na kowace ƙasa. Wasu sun bi ta cibiyar koyar da fasahar fata ta NILEST da ke Samarun Zariya. Irin waɗannan za ka nema, kuma ka sani ba su da araha.

Ƙafar da za ta sa takalmin

Nan ne nake ganin masu sari suka fi yin sakaci. Mutumin Arewa yana cire takalminsa aƙalla sau biyar a rana. Yana alwala, ya mai da jiƙaƙƙiyar ƙafa ciki, ya taka zuwa masallaci, ya bar shi a bakin ƙofa rana tana dukansa har a idar da salla. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, kwalta da simintin harabar masallaci kuma sun fi haka. Takalmin da gam kaɗai ke riƙe da shi, ruwa na shiga ta sama, zafi na gasa shi ta ƙasa, bakinsa ba ya daɗewa yake buɗewa. Mai haɗa takalmi a Aba, garin da ruwan sama ya fi rana yawa, ba wannan rayuwar yake hange ba sai ka gaya masa. In za ka ba da aiki a can don kasuwar Arewa, ka ce a ɗinke sol ɗin bayan an manna, ka biya ƙarin. Ka ce shimfiɗar ciki ta zama fata ko da saman leda ne, domin ita ke haɗuwa da danshin ƙafa.

Sai maganar faɗi. Ƙafar da ta girma cikin buɗaɗɗen takalmi ta fi bajewa a gaba, las ɗin da ake kwaikwayo daga samfurin Turai kuwa siriri ne. Za ka ga mutum lambarsa 43, tsawon ya yi, amma yatsu sun matse, ya ajiye ya fita. Ka tafi da takalman da ka san sun fi tafiya a shagonka, ka ce a nemo las mai irin faɗinsu. Kuma kada ka karɓi jerin lambobin da aka saba zubawa a dozin ba tare da ka duba littafinka ba. Kai ka san lambobin da ke ƙarewa da wuri da waɗanda ke yin kwantai.

A gefe guda kuma, ɗan firamare da ke buga ƙwallo da takalmin makaranta a filin da ruwan Agusta ya jiƙa, fatar bagaruwa ba za ta kai shi ƙarshen zango ba. Shi sol mai kauri yake bukata da sama mai jure ruwa, a farashin da uba mai 'ya'ya shida zai iya biya. Wannan aikin Aba ne. Haka takalmin mata na biki, wanda yayinsa ke wucewa kafin ya tsufa: mai sayensa sabon yayi take nema, ba ƙarkon shekara biyar ba, kuma Aba ta fi kowa saurin bin yayi.

Ko'ina ka je, gwajin ɗaya ne, kuma ba ya cin minti biyu. Ka duba bakin yanka, inda aka datse fatar: ta gaske za ka ga zare-zaren nama a cikinta, leda kuwa za ka ga yadi ko soso a manne a bayanta. Ka danna babban yatsa a sama, fata takan yi ƙananan tamoji ta koma, leda takan lotsa sumul. Ka shinshina. Ka lanƙwasa takalmin a inda yatsu ke lanƙwasawa, ka ga ko bakin sol zai buɗe. Ka sa farce tsakanin sol da sama a wajen babban yatsa ka ɗan ja. Ka zura hannu ciki har ƙarshe ka shafa, ko akwai kan ƙusa ko dunƙulen gam. Sannan ka ajiye ƙafa biyun a kan tebur ka duba ta baya, ka ga ko tsayinsu ɗaya. Kada ka gwada wanda aka miƙo maka, ka zaro daga tsakiyar buhu.

Hanya, kuɗi da amana

Kano ga yawancinmu tafiyar yini ce ko ƙasa da haka. Ka zo da safe, ka zaɓa, ka yi ciniki da harshenka, ka kwana a gida. In kaya sun zo da matsala ka mai da su mako mai zuwa, kuma akwai wanda ya san wanda ya san mai shagon. Da jarin dozin uku ma za ka iya farawa, ka juya shi sau da yawa a wata. In an saba, har bashi ana ba ka.

Aba kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce daga Kano, ko ta Lafiya da Makurɗi da Inugu, ko ta Lakwaja. Manyan motocin safa suna tashi daga Sabon Gari. Garin ba shi da filin jirgin sama, sai dai ka sauka a Fatakwal ko Owerri ko Uyo ka ƙarasa a mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na dako suka ninka, ga masauki, ga abinci, ga abin da direban kaya ke rabawa a shingaye, wanda a ƙarshe kai za ka biya. Lissafin mai sauƙi ne: ka tara duk kuɗin tafiyar ka raba da yawan takalman da za ka ɗauko. In abin da ya hau kan kowace ƙafa ya cinye bambancin farashin Aba da na dilan da ke kawo kayan Aba kasuwar Sabon Gari, to zamanka a gida ya fi. Mai ƙaramin jari ya saya a hannun dila, ko su haɗu su huɗu su tura mutum ɗaya.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Tun watan Agustan 2021 da ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta kira zaman gida na ranar Litinin, harkokin kasuwa a Kudu maso Gabas suka saba tsayawa a wannan rana, kuma ƙarfin abin yana hawa yana sauka daga gari zuwa gari. Kada ka shirya isa ko tashi ranar Litinin, kada ka yi tafiyar dare a hanyoyin da ba ka sani ba, kuma ka kira wani da ke can kafin ka taso. Akwai Hausawa mazauna Aba da sarkinsu da masallatansu, wasu an haife su a can, ga kuma kasuwar shanu ta Lokpanta a kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal. Wurinsu za ka fara sauka. Su za su gaya maka inda ake kwana, wanda ake ba aiki a kwanta da ido biyu rufe, da motar da ke kai kaya Arewa ba tare da buhu ya yi ƙafa ba. Damina kuma ta fi tsawo da ƙarfi a can, kewayen Ariyariya ya sha fama da ambaliya, kuma takalmin da aka ɗure a leda da danshinsa yakan iso Kano da fumfuna. Ka ce a bar shi ya bushe kafin a ɗaure.

Game da biyan kuɗi, dokar ɗaya ce a garuruwan biyu, sai dai a Aba kuskure ya fi tsada saboda nisa. Kada ka biya duka tun farko. Ka ba da kafin alƙalami daidai abin da zai sayi kayan haɗi, a yi samfuri biyu, ka sa hannu a kan ɗaya ka bar masa, ka riƙe ɗaya. A rubuta irin fata, irin sol, jerin lambobi da ranar karɓa. Layukan masu takalma a Aba suna da ƙungiyoyi da shugabanni masu sasanta rikici, saboda haka ka yi hulɗa da mai shagon da aka sani a layinsa, ba wanda ya tare ka a bakin kasuwa yana cewa zai kai ka wurin mai araha ba. A Kano kuwa abin da ke cutar mutane shi ne kunya. Saboda ana gaisawa, ana haɗuwa a ɗaurin aure, sai a ƙi rubuta komai, ranar karɓa ta zo a ce "Alhaji a ƙara haƙuri, jibi in sha Allah." Rubutu ba ya ɓata zumunci.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Dukawan Kano ba sa ɗaga kai daga tsakiyar Sha'aban har daren Salla, wanda ya kai aiki a goman ƙarshe na azumi shi ya so. Kayan Salla a ba da su tun Rajab. Bayan Babbar Salla fatun layya suna cika gari, lokaci ne mai kyau na yin magana da majema. Aba kuma tana cika maƙil daga Oktoba zuwa Kirsimeti, sannan mutane su watse ƙauyukansu har cikin Janairu. Takalmin makaranta na komawar Satumba a ba da shi tun Yuni ko farkon Yuli.

Wani zai ce to Chana fa? Birnin Gwanzu na can yana da kasuwannin takalma da babu kamarsu, kuma gamawar injinsu ta fi ta Aba da Kano fita. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, lissafin ya canja. Masana'antun can ba sa karɓar ƙaramin aiki, kayan suna shafe makonni a teku kuɗinka na kwance, sannan Kwastan ta taɓa sa takalma cikin jerin kayan da ta haramta shigo da su, ban da 'yan nau'o'i kamar kambas da takalman wasanni. Wanda bai kai matsayin cika kwantena ba, ya bar wannan hanyar tukuna. Tashin dalar ya taɓa Aba ita ma, tunda leda da gam da sol da yawa daga waje suke zuwa, amma ladan aikin hannu da naira ake biyansa.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai ba da aiki, a Aba ko a Kano: ka daina cewa a buga maka sunan Italiya ko tambarin wani kamfanin waje. Yaudarar mai saye ce, kuma kai kake yi wa asara. In takalmin ya yi kyau, Italiya aka yaba. In mutum ya dawo neman irinsa, ba shi da sunan da zai kira. Ƙarfen buga tambari ba shi da tsada, a garuruwan biyu ana sassaƙa shi. Ka sa sunan shagonka da lambar wayarka a kwali.

Akwai kuma hanya ta uku da wasu masu wayo suka riga suka kama, wato haɗa garuruwan biyu. Ka sayi fata a Kano da idonka, ka zaɓi hawan da kake so, ka tafi da ita Aba a haɗa maka rufaffen takalmi a kan las mai faɗi. Ka kawar da shakkar leda ke nan, ka kuma samu gamawa mai kyau. Ko ka juya abin: ka saro sol da ƙarfen ɗauri da saitin las cikakke daga Aba, ka kawo wa badukunka a Kano, ka ce daga yau a kan waɗannan za a riƙa yi maka. Mai shagon da ke sayar da dozin biyar zuwa goma a wata, wannan ta biyun ta fi masa sauƙi, domin tafiya ɗaya ta ishe shi shekara. Wanda ya samu takardar kwangilar makaranta ko ta kamfanin masu gadi, shi ya ɗauki ta farkon, ya ware kwana huɗu ko biyar a Aba, ya isa ranar Talata, kuma kada ya baro garin sai ya ga dozin farko ya sauko daga kan las.